Darasi na 9: Tsutsar da Ke Saƙa a Cikin Buhu

A ƙasar Yauri aikin manomi ba ya ƙarewa ranar da ya kawo amfani gida. Daga Warra zuwa Ngaski, daga Yelwa zuwa Shanga, da kaka ake girbe masara, gero, dawa, shinkafa, wake da gyaɗa, kuma abin da aka girbe shi zai riƙe gida har wata kakar. Mai hali ba ya son fitar da buhunsa a watan Nuwamba ko Disamba, lokacin da kasuwa ta cika, hatsi ya yi araha. Yakan jira bazara ko tsakiyar damina, sa'ad da farashi ya ɗaga. To, a cikin watannin nan na jira ne ake tafka asarar da ba a cika lissafa ta ba. Ranar da aka kwance bakin buhu sai a tarar saman hatsin ya dunƙule, wani farin zare kamar saƙar gizo-gizo ya ɗaure ƙwayoyin, ga tsutsa tana motsi, ga wari. Mai saye ya sa hannu ya ɗebo, ya murza, ya ce, "Alhaji, ai kayan nan ya yi yana." Daga nan kuma sai maganar ragi.

Mai yin yanar nan ita ce abin karatunmu na yau.

Uwar tana tashi, 'yar tana ci

Ku shiga sito dab da magariba, ku tsaya shiru na ɗan lokaci. Idan akwai ta, za ku ga wasu ƙananan faɗa-wuta masu launin toka-toka suna tashi sama-sama a kan buhuna. Ba sa yin nisa, nan da nan su sauka a bango ko a jikin buhu. Idan ɗaya ta sauka takan naɗe fukafukanta a bayanta ta zama siririya, tsawonta bai cika wuce santimita 1 ba. Wanda ya kama ta ya duba da kyau zai ga wasu 'yan gaɓoɓi biyu sun turo a gaban kanta. A wasu irin sun miƙe gaba, a wasu sun lanƙwasa sama. Wannan ɗan bakin yana cikin alamomin da ake gane danginsu da su.

Masana ƙwari suna kiran dangin Pyralidae, kuma an ƙidaya iri wajen 6,000 a cikinsa a faɗin duniya. Yawancinsu suna daji, ba ruwansu da abincinmu. Amma akwai wani reshe mai suna Ephestia, wanda wani masani Bafaranshe, Achille Guenée, ya raɗa wa suna a 1845, da 'yan gidansa suka saba da zama inda mutum ke ajiyar abinci. Fatauci ne ya yaɗa su: sun bi jiragen ruwa, jiragen ƙasa da manyan motoci a cikin buhunan hatsi, koko, dabino da taba, har ya zama da wuya a sami ƙasar da babu su. Ɗaya daga cikinsu, Ephestia kuehniella, da aka fara bayyana ta a Jamus a 1879, ta addabi masana'antun fulawa na Turai, domin zarenta yana toshe rariya da bututun inji har a dakatar da aiki. Wadda ta fi damun ƙasashe masu zafi irin namu ita ce Ephestia cautella, wadda littattafai da yawa yanzu suke rubutawa Cadra cautella. Tare da ita ana samun 'yan uwanta biyu a sito ɗaya: Corcyra cephalonica mai son shinkafa, gero da dawa, da Plodia interpunctella wadda rabin fukafukinta na baya ja ne kamar gaci. Ba dole ba ne ku haddace sunayen nan. An kawo su ne don in kun gan su a takardar malamin gona ku san wa ake nufi. Halinsu kusan ɗaya ne, maganinsu ma ɗaya.

Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, faɗa-wutar da kuke gani tana tashi ba ta cin hatsi ko kaɗan. Kwanakinta a duniya ba su cika wuce mako ɗaya zuwa biyu ba, kuma aikinta ɗaya ne, ta yi barbara ta zuba ƙwai. Mace guda takan zuba ƙwai daga 100 har sama da 300, yawanci a cikin kwana uku ko huɗu na farko. Ƙwan ƙanana ne ƙwarai, farare, ido ba ya saurin kama su. Takan sa su a kan hatsin, ko ta ramukan saƙar buhu. Da zafi irin namu, cikin kwana uku zuwa biyar sun ƙyanƙyashe.

Tsutsar da ta fito ita ce mai ɓarna. Fara ce mai ɗan duhu, wani lokaci da ɗan ja-ja, kanta ruwan ƙasa, in ta gama girma takan kai santimita 1 da ɗan ɗori. Duk inda ta bi tana jan zare daga bakinta, zaren nan ne yake haɗa ƙwayoyi, dusa, kashinta da fatar da ta saɓa ya zama dunƙule. Takan yi mako uku ko fiye tana ci. In ta ƙoshi sai ta bar abincin ta kama yawo, tana neman lungu: ɗinkin buhu, kunnen buhu, tsagar bango, ƙarƙashin katako, jikin azara. A nan take naɗe kanta cikin ɗan gidan zare ta kwanta, bayan kamar mako guda ta fito da fukafukai. Idan zafi ya kai digiri 30 kuma iska tana da laima, daga ƙwai zuwa sabuwar uwa kamar wata ɗaya ne kawai.

Mu yi ɗan lissafi a allo. A ce uwa ɗaya ta zuba ƙwai 200, mafi yawa suka lalace, 20 kaɗai suka girma, rabinsu mata. Bayan wata ɗaya muna da uwaye 10. Wata na biyu 100. Na uku 1,000. Na huɗu 10,000. Misali ne kawai muka yi, amma ya isa ya nuna mana dalilin da sitom da ba a ga komai a cikinsa ba a watan Janairu yake cika da ƙwari a watan Yuni.

Abin da take ci, da abin da ta fi ƙarfinsa

Bakin tsutsar nan ba shi da ƙarfin da zai fasa ɓawo mai tauri. Shi ya sa shinkafa shanshera, wadda ke cikin ƙaiƙayinta lafiya ƙalau, ta fi jure mata a kan wadda aka casa. Gyaɗa ma a cikin kwanso ta fi ɓararriya daɗewa. Abin da take so shi ne karyayyar ƙwaya, tsaki, gari, dusa, ɓarzajjen masara, tsabar gyaɗa, riɗi, ƙuli-ƙuli, dabino, da duk hatsin da wani ƙwaro ya riga ya huda. Akwai wata faɗa-wutar dabam, ƙarama mai launin rairayi, wadda tsutsarta ke shiga cikin ƙwayar shanshera ko masara tun daga gona. Ita ba 'yar wannan dangin ba ce, kuma ba ta dunƙule hatsi haka. Busasshen kifi ma, wanda muke da shi da yawa a bakin ruwa, ƙwarinsa dabam ne.

Idan ta sami cikakkiyar ƙwaya, daga wurin da tsiro ke fitowa take farawa, don nan ne ya fi taushi da maiƙo. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni tsoro game da ita. Buhun iri zai iya zama da nauyinsa, ido ya gan shi lafiya, a kai shi gona bayan ruwan shuka, a jira tsiro shiru. Kafin manomi ya gane, mako biyu sun wuce, ga kuɗin sabon iri, ga damina ta yi gaba. Saboda haka duk irin da aka ga yana a cikinsa, a gwada shi kafin a shuka: a ƙirga ƙwaya 100, a jera a jiƙaƙƙen tsumma ko a rairayi mai danshi, a duba bayan mako guda. In waɗanda suka tsiro ba su kai 80 ba, a ƙara yawan irin a rami ko a nemi wani.

Akwai kuma ɓarnar da ba a gani. Inda ƙwari suka yi yawa hatsi yakan ɗumama ya yi gumi, funfuna ta samu wurin zama. Wata funfunar da ke kama gyaɗa da masara tana fitar da guba mai suna afulatoksin, wadda ke lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Gyaɗar da ta yi funfuna ba ta kunu ba ce, ba ta ƙuli-ƙuli ba ce.

Mu da muke bakin ruwa

Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 tafkin ya cika, garuruwa irin su Warra suke zaune a gaɓar ruwa mai faɗin gaske. Albarkarsa a fili take: kifi, albasa, noman rani. Amma ƙasarmu ta fi arewacin Kebbi da Sakkwato samun ruwan sama da tsawon damina, kuma laimar da ke cikin iska ita ce abin da tsutsar nan take so. Da hunturu, iska ta bushe, dare ya yi sanyi, sai ta lafa. Mutane su ɗauka babu ta. Da zarar bazara ta shigo, hadari ya fara haɗuwa, sai ta farfaɗo. Ga kuma shinkafar rani, wadda ake yankewa wajen watan Afrilu da Mayu, daidai lokacin da ruwa ke shirin sauka. Ana shanya ana kallon sama, a kwashe a guje, a ɗura a buhu ba ta gama bushewa ba. Buhun da aka ɗure da danshi a watan Mayu zai yi damina gaba ɗaya a sito, a lokacin da ƙwari suka fi ƙarfi.

Matsalar ba sabuwa ba ce, ba kuma tamu ce mu kaɗai ba. Zamanin dalar gyaɗa a Kano, buhuna sukan daɗe a jibge suna jiran jirgin ƙasa zuwa Legas, ƙwari iri-iri suna ta aikinsu a ciki. Damuwa da ingancin irin waɗannan kayan da ake fitarwa waje ita ta sa aka kafa sashen binciken ajiyar amfanin gona na Afirka ta Yamma a 1948. Shi ne ya zama cibiyar NSPRI ta yau, mai hedikwata a Ilorin da reshe a Kano.

Aikin yana farawa kafin buhu ya shiga sito

Na farko bushewa. Masara da dawa su sauka zuwa danshin kashi 13 cikin 100, shanshera kashi 14, tsabar gyaɗa kashi 7 zuwa 8. Ba kowa ke da na'urar awo ba, amma kowa yana da haƙori: busasshiyar ƙwaya takan fashe da ƙara, mai danshi takan lotsa. Ga kuma gwajin gishiri. A samu kwalba busasshiya mai murfi, a zuba hatsi kamar kashi ɗaya cikin uku, a ƙara cokali biyu na gishirin da aka shanya ya bushe sarai, a rufe a girgiza, a bar shi kamar minti 15, a sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin bai bushe ba, a mayar da shi rana. A yi shanya a kan tamfol ko daɓe, ba a ƙasa ba. Shanshera kuwa a riƙa motsa ta, kada a bar ta a ƙwallelliyar rana ta gasu, domin takan tsage a ciki ta karye wajen casa.

Na biyu tsabta, kuma a nan ne mafi yawanmu muke sakaci. Tsutsar da za ta ci hatsin bana tana nan kwance a siton tun bara. A fitar da komai, a share ƙasa da bango da sama, a ƙone sharar, kada a zuba ta a bayan ɗaki. A toshe tsagogi da laka ko siminti. Rumbu ma haka, a shafe cikinsa kafin a zuba sabo. Tsohon buhu, musamman wanda aka sayo a kasuwa ko aka karɓo daga injin casa, a juya shi ciki waje, a kakkaɓe, a bi ɗinkin da ido, a tsoma a tafasasshen ruwa ko a baza a rana kwana biyu. Masu injin niƙa da na casa su sani cewa tarin dusar da ke lungun shago mahaifar ƙwarin unguwa ce gaba ɗaya. Kada a ɗora sabon hatsi a kan ragowar tsoho. A jera buhuna a kan katako, a bar rata tsakaninsu da bango yadda mutum zai iya zagayawa ya duba. Uwargida kuma ta casa ko ta niƙa abin da za a ci cikin 'yan makonni kawai, sauran a bar shi a ɓawonsa.

Na uku hana iska. Ƙwaro yana numfashi kamar kowace halitta. In aka rufe busasshen hatsi a inda iska ba ta shiga, ƙwarin da ke ciki za su shanye iskar da ta rage, su daina ci, su daina haihuwa, su mutu. A kan wannan dabara aka yi buhun PICS mai ninki uku: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Masanan Jami'ar Purdue ta Amurka da abokan aikinsu na Afirka suka fito da shi, aka fara yaɗa shi a 2007 domin wake, daga baya aka ga yana yi wa masara, dawa, shinkafa da gyaɗa. Ana yin sa a Kano, kuma akwai mai cin kilo 50 da mai cin kilo 100. Kafin a zuba, a hura kowace leda a matse a tabbatar ba ta huje ba. In an cika, a matse iskar da ke sama, a murɗe bakin ledar ciki, a lanƙwasa a ɗaure, sannan ta biyu ita kaɗai, sannan buhun waje. A kiyaye shi daga ɓera da rana, kuma kada a riƙa buɗewa kullum. Jarka ko durom mai murfi mai kamawa suna yin wannan aikin in an cika su taf, muddin ba a taɓa zuba musu fetur ko maganin feshi ba. Siririyar ledar kasuwa kam ba ta yi, tsutsar tana huda ta.

Ganyen darbejiya, barkono da toka, waɗanda iyayenmu suke sawa, suna rage ƙwari, musamman a ɗan hatsi kaɗan. Amma ba za su ceci buhun da aka ɗure da danshi a ƙazamin sito ba.

Maganar bom da fiya-fiya

A nan ina so mu yi wa juna gaskiya. Da mutum ya ga yana, abin da ake fara ce masa shi ne, "A jefa masa bom." Ƙwayar da muke kira bom, in ta sha laimar iska, tana sakin iskar fosfin. Iskar nan tana kashe ƙwaro, tana kuma kashe mutum, ba ta da makari. An yi ta ne don ma'aikatan da aka horar, a wurin da aka toshe sosai, nesa da inda ake kwana, na tsawon aƙalla mako guda. In aka jefa ta a buhun saƙa, iskar takan tsere ta ramuka, ƙwan ƙwarin su tsira, mutanen gida su shaƙa. Ɗakin da ake kwana, ko wanda ya haɗa bango ko silin da shi, ba wurin bom ba ne ko kaɗan. Wanda ya ji ciwon kai, amai ko ƙunci a ƙirji bayan an sa ta, a fitar da shi fili nan take, a garzaya da shi asibiti, a kuma faɗa wa likita abin da aka sa.

Fiya-fiya kuwa da Sniper, masu sinadarin dikulobos, ba a yi su don a yayyafa wa abinci ba, hatsi ne ko wake ko kifi. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan wannan sinadari da aka samu a cikinsa, kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni. Waken da Turawa suka ƙi saye, mu da 'ya'yanmu muke cin irinsa. Mai ajiyar da ya zuba wa hatsi guba don ya tsare kuɗinsa ya ɗauki alhakin duk wanda ya ci, ko da bai san shi ba.

Gubar tana kashe har da masu taimakonmu. A cikin rumbu akwai wani ɗan mitsitsin ƙwaro dangin zanzaro, bai cika wuce milimita 3 ba, sunansa Habrobracon hebetor. Ba ya harbin mutum. Macen takan harbi tsutsar ta sandare, ta zuba ƙwanta a jikinta, 'ya'yan su cinye ta. A Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, masanan cibiyar binciken gona ta INRAN sun mayar da wannan abin sana'a. Suna kiwon tsutsar Corcyra da gangan, su sa ta a 'yan ƙananan buhunan algarara tare da gero da matan ɗan ƙwaron, a rataye a ƙauyuka lokacin da gero ya fitar da kai. Sababbin ƙwarin su fito ta ramukan buhun su bazu cikin gonaki, su far wa tsutsar da ke cin zangarniyar gero. An yi irin wannan aiki a Burkina Faso da Mali.

In buhu ya riga ya kamu, ba a rasa abin yi ba. Tsutsar ta fi yin ɓarna a saman buhu da buhunan gefen jeri, don haka a fara da su. A fitar waje nesa da sito, a tankaɗe, a bakace, a ƙone dunƙulen, a baza hatsin siriri a kan baƙin tamfol da tsakar rana na 'yan awoyi. Zafin da ya wuce digiri 55 yana kashe ƙwai, tsutsa da uwar. In ya huce, a zuba a buhu mai hana iska, ko a fara ci da shi.

Tambayoyi

1. Tsakanin faɗa-wuta da tsutsarta, wace ce ke cin hatsi, kuma a ina tsutsar take ɓuya in ta gama girma?
2. Me ya sa shinkafar rani ta fi ta kaka shiga hatsari a ƙasarmu?
3. Maƙwabcinku ya ce zai sa bom a buhunan da ke ɗakin da 'ya'yansa ke kwana. Me za ku ce masa, wace hanya kuma za ku nuna masa?

Aikin gida

Kafin haɗuwarmu ta gaba, kowa ya shiga sitonsa ko rumbunsa sau ɗaya dab da magariba ya duba. Maza su ɗebi mudu ɗaya daga saman buhu, mata su duba garin tuwo, tsaki da gyaɗar miya. A zuba a faifai, a bi ɗinkin buhun da yatsa, a rubuta abin da aka gani a layi uku. Wanda ya sami tsutsa ko faɗa-wuta ya sa ta a kwalba mai murfi ya zo da ita aji, tare da ɗan gishiri busasshe da hatsin da yake ajiye, za mu yi gwajin kwalba tare.